Karkataccen Bangon Gidanmu

Karo na bakwai ke nan rufin yana ruftawa a kan idona.

Na danna maɓallin gwajin nauyi, na riƙe numfashi, na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai bangon gabas ya ɗan yi rawa kamar mai jin sanyi, ya buɗe daga sama, rufin ɗakin Mama ya sulmiyo ƙasa, bulo ja da fari suka watse a tsakar gida. Ko ƙara babu. Abin da ya fi ci mini rai da wannan manhaja ke nan: aikin kwana huɗu zai rushe a gabanka, ba za ka ji ko ƙas ba.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san ni, amma bari in tsaya wa waɗanda yau suka shigo. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai. Mu biyu muke zaune da mahaifina a hawa na uku na wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. Mama ta rasu shekara biyar da suka wuce. Bayan rasuwarta da shekara biyu aka rushe unguwarmu aka fitar da babban titi, gidanmu yana ciki. Sati biyu da tashinmu Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, tunaninsa kuma ya koma kamar wutar lantarki, a kawo a ɗauke. Na ajiye aikina na shagon tabarau na zauna da shi. To, kun ji ni duka.

Kullum da ya gama shan shayi zai ture kofin da hannunsa mai lafiya ya dube ni.

“Auta, yaushe za mu koma gida?”

Da farko gaskiya nake faɗa masa. Sai ya yi ta hawaye kamar ranar ya fara ji, gobe ya sake tambaya, ya sake kukan. Na ga ba zan iya ba, na canza amsa.

“Ana gyara, Baba.”

“To, su yi sauri.”

Likitar da ke duba shi ta ce in riƙa nuna masa hotunan inda ya saba. Hoto uku kacal muke da su na gidan, kuma duk mutane sun cika gaba. A ɗaya ana ganin rabin ƙofa, a ɗaya igiyar shanyar Mama, na ukun kuwa kan Yaya ne ya rufe komai. Daga nan na ce tunda babu hoton, bari in gina masa gidan.

Kun san bulon robar nan na wasan yara, masu 'yan idanu a kai, da ake manna wani a kan wani? Su ne a cikin kwamfuta. Manhajar za ta ba ka fili fetal marar iyaka, da akwatin bulo da ba ya ƙarewa: mai ido biyu, mai ido huɗu, mai ido takwas, da falle-falle marasa kauri. Na ɗauka aikin sati ɗaya ne. Hmm! Yau wata biyar.

Ka ɗauko bulo da maus, wato linzamin kwamfuta, ka kai shi inda kake so, sai ya yi tsalle ya manne inda shi yake so. Ta gaba ka ga taga ta zauna daram, ka juya kyamara ka tarar tana shawagi a iska, taku uku bayan bango. Idan bulo biyu suka shiga jikin juna sai su yi ja wur su ƙi zama, kai kuma ba ka ganin inda suka haɗu. Ƙofarmu koriya ce da rana ta cinye, cikin launi arba'in ɗin manhajar babu irinta. Ɗaya ta yi kama da ɗanyen ganye, ɗaya ta yi kama da rigar asibiti. Ga tsohuwar kwamfutar cinyar da Yaya ya bar mini, da na wuce bulo dubu takwas ta fara nishi, fankarta tana kuka, har sai na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don ta sha iska. In ɗaga bulo yanzu, sai na kai ga haɗiye yawu kafin ya motsa.

Akwai dandalin masu ginin, inda kowa ke sa nasa. Wannan ya gina jirgin ruwa, wancan fadar da ta kai gajimare. Na taɓa sa hoton nawa na tambayi me ya sa rufin yake faɗuwa. Mutum ɗaya ne ya amsa. Wai me zai sa mutum ya samu fili marar iyaka ya gina gida mummuna haka. Na goge tambayar, ban ƙara sakawa ba.

Ina cikin tattara bulon da suka watse wayata ta yi ƙara. Ko ban duba ba na san ƙarfe bakwai da kwata ta yi.

“Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Ya jikin Baba?”

Wata takwas, saƙon nan bai taɓa canza ko harafi ɗaya ba. Mai Awo ke nan. Matar Yaya ce ta sa masa sunan, don ma'aikacin awon filaye ne, irin waɗanda ke kafa na'ura mai ƙafa uku a bakin hanya suna leƙe. A asibiti muka haɗu, ranar da lifta ta lalace na tsaya da keken Baba a gindin matakala ina raba ido. Sai ga shi ya zo ya kama gefe ɗaya, wani ya kama ɗayan, suka hau da shi. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, kullum rigarsa a goge har tana ƙyalli a kafaɗa. Duk Asabar yana zuwa, mu zauna a bencin siminti da ke ƙasan benen na rabin awa. Bai taɓa hawa sama ba, saboda baƙuwar fuska tana rikita Baba.

Kar ku tambaye ni ko ina son sa. Ni dai na san ranar Asabar ce kaɗai nake duba madubi.

“Lafiya lau. Da sauƙi.” Abin da na mayar masa ke nan, kamar kullum. Ban taɓa gaya masa zancen ginin ba. Kunya nake ji.

Da rana Yaya ya zo da matarsa. Tun daga matakala na ji ƙamshin turaren Anti. Ta shigo cikin leshi ruwan toka mai duwatsu, awarwaro suna kacau-kacau, jakarta da takalminta kala ɗaya. Ni kuwa ina cikin doguwar rigar nan tawa mai ruwan ƙasa da bilic ya ɗiga wa a ƙirji, ɗankwalina a karkace, hannuna yana warin man zafin da na shafa wa Baba.

Yaya ya durƙusa gaban kujerar Baba ya gaishe shi. Baba ya dube shi da fara'a.

“Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga ina?”

Na ga yadda muƙamuƙin Yaya ya motsa. Ya miƙe a hankali, ya koma bakin taga yana juya mukullin mota a yatsa. Mutane suna cewa Yaya ba ya son zama wajen Baba. Ba haka ba ne. Ba ya iyawa ne.

“Auta, zo nan.”

Na je.

“Mutumin nan ya same ni a ofis. Ya ce manyansa a shirye suke, ke ce kika ƙi ba shi baki.”

“Ban ƙi ba, Yaya.”

“Ba ki ƙi ba, ba ki yarda ba. Wata takwas fa! Ko takarda aka ajiye a ofis wata takwas ai an sa mata hannu.”

“Baba fa?”

“Na gyara ɗakin baya. Za a samo mai kula da shi.”

“Ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta?”

“Shi ya san bango ne yanzu?”

Ya faɗa, sai kuma ya kau da kai, don shi ma ya ji zafin abin da ya fito daga bakinsa.

Daga bayanmu na ji dariyar Anti. Ashe ta ɗaga murfin kwamfutar.

“Lallai ma yarinyar nan! Zo ka ga abin da ya hana ta aure. Wasan yara! Wallahi ko 'ya'yana sun girmi wannan. Auta, ke da za ki gina gidan kanki, kin zauna kina gina na roba?”

“Ki rufe mini, Anti.”

“Ai ko na robar ma ya rushe.”

Yaya ya leƙa allon sau ɗaya. Bai gane ba. Gidan da aka haife shi ne a gabansa, bai gane ba. Wannan ya fi dariyar Anti yi mini ciwo.

“Ranar Asabar zan dawo,” in ji shi a bakin ƙofa. “Na ce masa ya hau sama ya gaida Baba. Ba zan yi miki dole ba, ko e ko a'a naki ne. Amma ki daina rataye bawan Allah. Kuma ki dubi kanki, Auta. Yaushe rabon da ki yi magana da wani mai lafiya fiye da minti goma?”

Da suka tafi gidan ya yi tsit, sai agogon bango da numfashin Baba. Na buɗe zauren ƙawayenmu na makaranta a waya. Saƙo ɗari biyu da wani abu, duk zancen makarantar yara ne da telan da ya ɓata wa wata ɗinki. Na rubuta “Sannunku”, na duba, na goge. Rabon da wata ta ambaci sunana a ciki tun bara. Ba gaba muke ba, kawai dai sun yi gaba ne na tsaya.

Washegari, Alhamis, na ce ba zan ƙara jira ba. Na kashe gwajin nauyi, na ɗora rufin ya tsaya a iska bisa ƙarya, na kunna yanayin da za ka shiga cikin ginin ka yi yawo kamar da ƙafarka. Bayan shayi na jawo ƙaramin tebur gaban Baba, na sa masa tabarau.

“Baba, duba. An kusa gama gyaran.”

Na shiga da shi ta ƙofa, muka bi ta zaure, muka fito tsakar gida. Ga famfo, ga igiyar shanya, ga baranda, ga matakalar hawa soro. Ya daɗe yana kallo.

“Gida mai kyau,” in ji shi. “Na waye?”

“Namu ne, Baba.”

“A'a.”

“Ga ɗakin Mama nan, ga…”

“A'a, Auta. Namu ba ya tsayawa ƙiƙam haka kamar soja. Namu bangon tafiya yake yana matsowa, tsakar gidan faɗi ta gaba, tsukakkiya ta baya. Mahaifiyarki har ta bar duniya tana mitar shimfiɗa ba ta zama daidai a wajen.” Ya kau da kai daga allon. “Kai ni gida. Kar ki kai ni gidan mutane, su zo su tarar da mu.”

Na rufe kwamfutar. Na shiga kicin na kunna famfo don kar ya ji ni.

Gaskiya ya faɗa. Na san bangon a karkace yake, na sani tun farko. Amma manhajar ba ta san karkace ba, komai nata a miƙe yake, ido kan ido. Kuma ko da na san yadda zan lanƙwasa shi, nawa zan lanƙwasa? Shekara ashirin da huɗu na yi a gidan nan, ban taɓa ƙirga matakalarsa ba. Wa yake auna gidansu?

A nan tsaye, da jiƙaƙƙen hannu, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki hoton ginin na tura wa Mai Awo, na danna maɓallin murya na yi ta zuba. Na gaya masa ƙaryar gyaran, da wata biyar ɗin, da rufin da ya ƙi tsayawa, da dariyar Anti, da abin da Baba ya ce. Na gaya masa sunan layinmu da lambar gidan, na ce yanzu ko ni idan na tsaya a kan titin ban san inda ɗakina yake ba. Minti shida. Na tura kafin in canza ra'ayi.

Ya saurara, na ga alamar. Sai ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya.

Shiru.

Na ba Baba abincin rana, shiru. Na wanke kwanuka, na goge falo, na ninke wanki, shiru. Na ce shi ke nan, Auta, kin nuna wa mutum cikinki ya tsorata. Dama wa zai auri mace mai wasa da bulo tana kuka a kicin?

Sai wajen ƙarfe biyar wayar ta yi ƙara. Babu gaisuwa, babu ranki ya daɗe.

“Faɗin tsakar gida ta gaba mita bakwai da rabi. Ta baya biyar da kwata. Bangon gabas ne ya karkata, na yamma a miƙe yake. Ɗakin da kika ce na Mama bai kai yadda kika yi shi faɗi ba, ki rage kashi ɗaya cikin biyar. Akwai ginshiƙi a baranda, ba a tsakiya ba, ya fi kusa da kicin. Shi ya riƙe rufin. Matakala goma sha huɗu ce, ba sha biyu ba. Ta farkon gajeriya ce.”

Ginshiƙin! Na dafe baki. Ginshiƙin da Mama take rataye tsintsiya a jikinsa, wanda na sha buga goshi a kai ina ƙarama. Ta yaya aka yi na manta shi?

“A ina ka samo?” na rubuta.

“Ki gwada tukuna. Ranar Asabar zan yi miki bayani.”

Na ce a raina ai ofishinsu yana ajiye tsofaffin taswirori, ƙila can ya wuni yana tonon takardu saboda ni. Har na ji wani ɗumi a ƙirjina. Ban ƙara tunani a kai ba, aiki ya ɗauke ni.

Ranar Juma'a ban zauna ba sai a gaban allon. Na rushe bangon gabas gaba ɗaya da hannuna. A can ƙasan akwatin na samo wani bulo mai gwiwa, wanda ke lanƙwasawa kamar hinjin ƙofa, na dasa shi a kusurwa, na gina bangon a kansa, na riƙa juya shi kaɗan-kaɗan. In juya, ya yi ja. In mayar, ya bar rata. Da ya karkata kuma sai idanun ƙasa suka daina haɗuwa da nasa, bangon ba shi da abin kamawa. Sai da na cire duk layin da ke ƙarƙashinsa na shimfiɗa falle-falle masu santsi, na bar ido ɗaya tak a can ƙarshe, inda lissafin ya faɗa daidai. Sau uku kwamfutar tana sandarewa, sau ɗaya ta mutu ɗungurum ta tafi da aikin awa guda. Na yi mata magiya kamar mutum, har da “haba 'yar uwa”. Matakalar ma ta ba ni wuya, don tsayin bulo ɗaya ya yi yawa, falle ɗaya ya yi kaɗan. Na yi kowace da falle biyu, ta farko na ba ta ɗaya.

Rana ta yi sanyi lokacin da na dasa ginshiƙin, na ɗora rufin. Na danna gwajin nauyi. Ɗaya. Biyu. Uku. Goma. Ashirin.

Ko gezau.

Na waiga in faɗa wa wani. Baba yana gyangyaɗi, bakinsa a ɗan buɗe. Sai na tafa wa kaina a hankali, sau biyu.

Asabar da safe na sake jawo teburin. Wannan karon ban ce masa komai ba, na shiga da shi kawai. Da muka fito tsakar gida sai na ji ya ja numfashi. Ya ɗago hannunsa na hagu ya ɗora yatsa a kan allon, ya bi bangon gabas tun daga gaba har inda ya tsuke.

“Sun gama,” in ji shi. “Auta, sun gama gyaran.”

“Sun gama, Baba.”

“Ƙofar ce dai suka cika mata kore. Ba komai, rana za ta gyara.” Na nufi matakala da shi, ya kama hannuna. “A hankali. Ta farkon nan tana yaudarar ƙafa. Magini ne ya ƙare da siminti, ya ce gobe zai dawo. Shekara talatin muna jiran gobensa.”

Ya yi dariya. Baba ya yi dariya, jama'a! Ya ce in ajiye shi a baranda, gefen ginshiƙi. Daga nan ya shiga ba ni labari, wane ne maƙwabcin dama, wa ya dasa bishiyar ƙofar gida, ranar da aka kawo famfo. Duk sunaye daidai, duk shekaru daidai. Shekara uku rabon da in ji mahaifina a cikin muryarsa.

Yana cikin haka Yaya ya yi sallama, Anti a bayansa. Baba ya ɗago kai.

“Babban mutum! Sai yanzu? Zo ka ga an gyara mana gida.”

Sunan da yake kiransa da shi ke nan tun yana yaro. Mukullin motar ya suɓuce daga hannun Yaya. Ya zo ya durƙusa, ya dubi allon, ya dubi Baba, sai ya kifa kansa a gwiwar tsohon, kafaɗunsa suna girgiza. Anti ta tsaya riƙe da jaka, ta rasa inda za ta sa idonta.

Na zame na shiga ɗaki. Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da ban taɓa sawa ba tun da aka ɗinka, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli. Na riga na san amsar da zan ba Yaya. Mutumin da zai wuni yana tona takardu don tsohon da bai san shi ba, me kuma zan tsaya nema?

Saƙonsa ya shigo: “Ina hawa na biyu. Ki fito ke kaɗai, minti biyu.”

Na same shi tsaye a kwanar matakala, cikin farar riga, ya riƙe wani tsohon littafi mai baƙin bango da roba a ɗaure. Bai yi murmushi ba. Idanunsa sun faɗa.

“Ya tsaya!” na ce. “Rufin ya tsaya, kuma Baba ya gane, har Yaya ya…”

“Ranki ya daɗe, ki bari in faɗa kafin in kasa.”

Ya cire robar, ya buɗe littafin ya miƙo mini. Zanen gidanmu ne da fensir. Ga bangon a karkace, ga ginshiƙin, ga lambobi a gefe. A ƙasa an rubuta, “Matakala ta farko gajeriya, na yi tuntuɓe.” Rubutunsa ne. Ga kwanan wata, shekara uku da wata biyu da suka wuce.

“Ba taswirar ofis ba ce,” in ji shi. “Ni na auna. Ni aka tura layinku. Ke ba kya nan, kina wajen aiki. Baba ne ya buɗe mini, ya riƙe mini bakin tef, ya kawo mini ruwa. Ya ɗauka awon biyan diyya ne kawai, za a bar masa rabin gidan. Na san ba haka ba ne, ban gaya masa ba. Da na fito, ni na shafa jan fenti, alamar rusau, a ƙofarku.”

Na dafa bango.

“Tun yaushe ka san mu ne?”

“Tun a asibiti. Ina kama keken na gane shi.”

“Wata takwas.”

“Kullum da niyyar faɗa nake zuwa. In na gan ki kin sauko sai in ce sati mai zuwa.”

“Don haka ka zo? Tausayi?”

“Da shi na fara zuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba shi ya riƙe ni ba.” Ya sunkuyar da kai. “Shekaranjiya da kika turo saƙon, na san in na ba ki awon na tona wa kaina asiri. Na wuni da littafin nan a hannu. Na ga gara in rasa ki da Baba ya rasa gidan sau biyu.”

Me zan ce? Ku gaya mini, me zan ce? Ba shi ya zana titin ba, na sani. Amma Yaya ya sha rantsuwa a gabana cewa duk ranar da ya haɗu da wanda ya shafa fentin nan, sai an raba su. Ni kuma na sha amsa masa da amin.

Ƙofarmu ta buɗe daga sama. Yaya ya leƙo, idonsa jajur amma fuskarsa a sake, irin sakin da na manta yana da shi.

“Ku kuma a nan za ku ƙare? Malam, bismillah, hau. Yau ka yi sa'a, Baba yana gane mutane.”

Na so in ce wa Mai Awo ya juya ya tafi. Amma ya riga ni. Ya karɓi littafin daga hannuna, ya sa a aljihu, ya hau. Na bi bayansa.

Ya cire takalmi, ya shiga, ya durƙusa har ƙasa. Baba ya ɗauke ido daga allon, ya gyara tabarau, ya ƙura masa ido. Ya daɗe. Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga tsohon aboki.

“A'a! Kai ne? Ƙafar ta warke? Na ce maka ka bi ta farkon a hankali.” Ya juya wajen Yaya. “Yaron kirki ne, tare muka yi awon.” Ya sake duban Mai Awo, murmushin ya fara gushewa a hankali. “Yau ma da jan fentin ka zo?”

Awarwaron Anti ma suka daina motsi.

Yaya ya miƙe tsaye. Bai dubi Mai Awo ba, ni ya duba.

“Auta. Wane fenti?”